Tankin man ɗumama gida: yadda ake kula da shi da iyakar abin da ke gyaruwa a jikinsa

Tankin man ɗumama gida rumbu ne na ƙarfe ko na roba da mazauna ƙasashe masu tsananin hunturu ke tara man da suke ƙonawa don ɗumama ɗakuna da ruwan wanka. An fi samun sa a gidajen karkara da ƙananan garuruwan da bututun iskar gas bai kai gare su ba. Tankar mai kan zo ta cika shi sau biyu ko uku a shekara, ko fiye da haka idan sanyi ya tsananta. Daga jikinsa wani siririn bututu ke kai man zuwa tukunyar da ke cikin gida, inda ake fesa shi ya kama da wuta, ya zafafa ruwa ko iskar da ke zagaya ɗakuna.

A Amurka gidaje kusan miliyan biyar ne ke dogaro da wannan mai, kimanin kashi 80 cikin 100 daga cikinsu a yankin arewa maso gabas, kuma a Jihar Maine kusan rabin gidaje da shi suke ɗumi. A Birtaniya adadin ya kai gidaje kimanin miliyan ɗaya da rabi, a Ireland ta Arewa kuwa fiye da rabin gidaje ne. Jamus da Faransa da gabashin Kanada su ma suna da ɗimbin irin waɗannan tankuna.

Man da ake zubawa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Gidajen Birtaniya da Ireland kananzir suke ƙonawa. A Amurka da Jamus da Faransa mai ne da ya yi kusa ƙwarai da dizal, ana rina shi ja domin a bambanta shi da na motoci, tunda harajinsa bai kai na wancan ba. Wannan kusanci ya sa yawancin abin da ya shafi tankin ya shafi na dizal ɗin janareta da gidaje da asibitoci da otal-otal ke ajiyewa a Najeriya, duk da cewa a nan babu mai ƙona mai don ɗumama ɗaki.

Abin da masu sana'ar suka fi nanatawa game da tankin shi ne daga ciki yake lalacewa. Maigida kan ga fenti yana ƙyalli ya ɗauka lafiya lau ne, alhali ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin man ya shafe shekaru yana cin ƙarfen. Ranar da ɗigon farko ya bayyana a waje, galibi lokacin gyara ya riga ya wuce.

Ire-irensa da sassansa

Tankin da aka fi sani a Amurka da Kanada na ƙarfe ne mai cin galan 275, wato kimanin lita 1,040, yana tsaye a kan ƙafafu huɗu a ɗakin ƙarƙashin gida. Kaurin ƙarfensa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba. A Birtaniya da Ireland a waje ake girka shi, a bayan gida ko a gefen lambu, kuma mafi yawa na roba ne mai cin lita 1,000 zuwa 2,500. Jamusawa sun saba jera tankuna uku ko huɗu a ɗaki guda su haɗa su da bututu ɗaya, ko kuma a yi waldar babban tanki a cikin ɗakin daidai da faɗinsa. Akwai kuma waɗanda aka binne a ƙasa, waɗanda aka yi yayinsu a tsakiyar ƙarni na 20.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne tsakanin mai bango ɗaya da mai bango biyu. Mai bango biyu tanki ne a cikin tanki: idan na ciki ya fashe, na waje ya tare man. Ƙa'idar Birtaniya ita ce na wajen ya iya ɗaukar kashi 110 cikin 100 na abin da na cikin ke ci. A Ingila ana wajabta irin wannan kariya idan tankin ya haura lita 2,500, ko yana tsakanin mita 10 da rafi ko kogi, ko tsakanin mita 50 da rijiya ko rijiyar burtsatse ko idon ruwa.

A saman tanki akwai bakin cikawa mai murfi, da bututun shaƙar iska, da geji mai nuna yawan man da ya rage. A mafitar man akwai bawul ɗin rufewa da filta. Kafin bututun ya shiga tukunya ana saka wani bawul da ke rufe kansa idan zafi ya yi yawa, domin kada mai ya ci gaba da kwarara zuwa wurin da gobara ta tashi. Tankunan Amurka suna da usur a gindin bututun shaƙar iska. Yayin da direban tanka ke zuba mai daga waje, ba tare da yana ganin tankin ba, iskar da man ke korowa ce ke busa usur ɗin. Da zarar man ya kai bakinsa sai ya yi shiru, direban ya tsayar da famfo. Direban da ya san aikinsa ba ya ci gaba da zubawa a gidan da usur bai yi kuka ba, domin hakan na nufin ko bututun iska ya toshe ko kuma man ba tanki yake shiga ba.

Ruwan da ke kwance a ƙasa

Ta hanyoyi uku ruwa ke shiga tanki. Ruwan sama kan bi ta murfin da robarsa ta bushe, ko ta gejin da ya tsage, ko ta bututun iskar da hularsa ta faɗi. Wani lokaci kuma da man ake kawo shi. Amma hanyar da ta fi yawa, kuma ba a ganin ta, ita ce raɓa. Tankin da ba a cike yake ba iska ce ke cike sauran wurin. Da rana iskar ta yi ɗumi ta fita, da dare ta huce ta jawo sabuwa mai laima daga waje, laimar ta zama raɓa a jikin bangon mai sanyi, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke yin gumi, ta gangara ƙasa. Da yake ruwa ya fi mai nauyi, sai ya ratsa ta cikinsa ya kwanta a gindi. A can ba ya bushewa, domin man da ke samansa ya rufe shi.

Ruwa kaɗai yana sa tsatsa, amma ɓarnarsa tana ƙaruwa ne saboda abin da ke rayuwa a cikinsa. A daidai inda ruwa ya haɗu da mai, ƙwayoyin bakteriya da wani nau'in funfuna kan yaɗu, suna zaune a ruwan suna cin man. Abin da suke fitarwa ya haɗa da asid da wata baƙar laka mai yauƙi. Lakar ta lulluɓe gindin tankin, asid ɗin kuma ya riƙa haƙa ƙananan ramuka a ƙarƙashinta. Irin wannan tsatsa ba ta bin ƙarfe bai ɗaya. Wuri guda take kamawa ta yi ta nutsawa, har ta huda milimita biyu ko uku na ƙarfen da rami mai faɗin kan allura, yayin da tazarar yatsa ɗaya daga wurin ƙarfen yana nan da kaurinsa. Shi ya sa ƙwanƙwasa tanki da hannu ba ya nuna komai.

Man zamani ya ƙara wa lamarin nauyi. A wasu jihohin Amurka ana gauraya man ɗumama gida da wanda aka sarrafa daga man waken suya ko tsohon man suya. Wannan gaurayen ya fi jan laima, kuma yana narkar da tsohuwar lakar da ta daɗe a manne, ya kwaso ta zuwa filta.

Tankin roba ba ya tsatsa, amma ruwan bai bar shi ba. Idan ruwa ya kai tsayin mafita, sai ya bi bututu zuwa tukunya, wutar ta riƙa mutuwa tana hayaƙi, famfon tukunyar ya yi tsatsa. A tsakiyar hunturu ruwan kan daskare a cikin filta ko siririn bututun da ke waje, ɗumin gida ya yanke a daren da aka fi bukatarsa. Ga tsoho ko jariri a wurin da sanyi ya sauka ƙasa da sifili, wannan lamari ne na rai.

Gano ruwan ba shi da wuya. Akwai wani man shafawa da ake sayarwa musamman don haka. Ana shafa shi a ƙarshen doguwar sanda, a zura ta har gindin tanki, a bar ta ɗan lokaci. Mai ba ya canza masa launi, ruwa ne kawai ke yi, don haka tsawon wurin da ya canza shi ne zurfin ruwan. Idan kaɗan ne, ana tsotse shi da ƙaramin famfon hannu, ko a zura wata jaka mai shan ruwa ta bar mai. Idan ya kai 'yan santimita, ko akwai laka, sai a kira ma'aikaci ya kwashe man zuwa wani mazubi, ya wanke tankin, ya tace man kafin ya mayar. Ruwan da aka tsotso gurɓatacce ne, ba a zuba shi a kwata ko a ƙasa, ana kai shi wurin da hukuma ta tanada don tsohon mai.

Hanyar rage raɓa ita ce rage iskar da ke ciki. Saboda haka ake shawartar magidanta su cika tanki a ƙarshen hunturu, kada su bar shi kusan wayam tsawon watannin zafi. Wannan yana da riba ta biyu, tunda farashin man ya fi sauƙi a lokacin da ba a rububinsa. Sai dai cikawar ba ta kaiwa baki. Mai yana kumbura da zafi: lita 1,000 kan ƙaru da lita 15 zuwa 20 idan zafi ya hau da digiri 20. Ana barin kimanin kashi ɗaya cikin goma na tankin babu komai. Tankin ƙarfe mai mafita a gindi kuma ana ɗan karkata shi zuwa wajen mafitar, domin ruwa ya riƙa fita kaɗan-kaɗan filta tana tare shi, maimakon ya taru a wancan ƙarshen.

Kuskuren da aka sha yi shi ne juye ragowar man tsohon tanki gaba ɗaya cikin sabo don kada a yi asara. Tare da man ake kwaso ruwan da ƙwayoyin da suka kashe na farkon, kuma an ga sababbin tankunan ƙarfe da suka huje cikin 'yan shekaru ta wannan hanya. Gara a ƙone man har ya kusa ƙarewa kafin ranar canji, abin da ya rage a gindi kuma a bar shi ya tafi da tsohon.

A Najeriya damina ce lokacin wannan matsala, musamman a kudu inda laima ba ta yankewa, kuma zafi yana hanzarta yaɗuwar ƙwayoyin. Janaretan da ke yawan toshe filta, ko yake mutuwa jim kaɗan bayan an kawo sabon dizal, sau da yawa laifin yana gindin tanki ne, domin zubowar sabon mai ta tayar da lakar da ke kwance. Dalilin ke nan da ya sa a Turai ake kashe tukunya yayin cikawa, a jira awa biyu ko uku kafin a sake kunna ta.

Dubawa

Akwai abin da maigida zai iya da idonsa da hancinsa, sau ɗaya a wata da kuma kafin zuwan tanka da bayan tafiyarta. A tankin ƙarfe ana neman tsatsa, da fentin da ya kumbura, da wurin da ya jiƙe ko ya yi duhu a ƙarƙashin ciki da layukan walda da gindin ƙafafu. A na roba ana neman tsagewa, musamman a kusurwoyi da kewayen mafita, da wurin da launi ya koɗe ya yi fari, da ciki da ya bultso. Hasken rana ne ke busar da roba a hankali har ta rasa laushinta. Ciyawar da ta mutu a kewayen tanki, da warin mai da bai gushe ba kwanaki bayan cikawa, da man da ke ƙarewa da wuri fiye da yadda aka saba, duk alamun yoyo ne. Yana da kyau a riƙa rubuta abin da geji ya nuna, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe irin wannan lissafi. Gejin ma kan maƙale ya ci gaba da nuna rabi alhali tankin ya ƙare, don haka a riƙa gwada shi da sanda.

Akwai gargaɗi guda da ya kamata a riƙe. Idan aka ga ƙurjin tsatsa mai laima a ƙarƙashin tankin da ke cike, kada a kankare shi, kada ma a danna shi da yatsa. Mai yiwuwa tsatsar da fentin ne kaɗai suka rage tsakanin man da ƙasa.

Bututun shaƙar iska ƙarami ne amma toshewarsa babbar masifa ce. Ƙwari kan yi gida a cikinsa, ganye da dusar ƙanƙara kan rufe shi. Famfon tanka yana tura ɗaruruwan litoci a minti guda, idan iska ba ta samu mafita ba tankin na iya tsagewa a layin walda.

Sauran aikin na ƙwararre ne, sau ɗaya a shekara, galibi tare da sabis ɗin tukunya. A Birtaniya ƙungiyar OFTEC ce ke rajistar irin waɗannan ma'aikata, a Amurka kuma ƙa'idar da aka fi bi wajen girkawa ita ce NFPA 31. Ma'aikacin zai canza filta, ya gwada ruwa, ya tabbatar bawul ɗin gobara yana rufewa, ya bi bututu yana duba mahaɗai. Wasu kamfanoni suna auna kaurin ƙarfen gindi da na'ura mai aika sauti ta cikinsa, ba tare da an kwashe man ba. Awon yana da amfani idan ana maimaita shi kowace shekara ana kwatantawa, amma yana iya tsallake ramin da bai faɗo daidai inda aka ɗora na'urar ba.

Mazaunin tanki

Lita 1,000 na kananzir ya kai nauyin kilo 800. Tankin robar da aka ɗora a kan bulo biyu ko uku, ko a kan daɓen da gefensa ya nutse, nauyin zai taru a wuri ɗaya har ya tsage. Ƙa'idar Birtaniya ta tanadi daɓen kankare mai kaurin milimita 100, ko falalen dutse masu kaurin milimita 50, a shimfiɗe daidai, kuma ya zarce tankin da milimita 300 ta kowane gefe. Dole duk gindin tankin roba ya zauna a kan daɓen. Na ƙarfe kuwa ana ɗaga shi domin iska ta ratsa ƙarƙashinsa, a kuma iya leƙawa.

Don gudun gobara ana barin tazarar mita 1.8 tsakanin tanki da taga ko ƙofa ko ginin katako ko bututun hayaƙin tukunya, da milimita 760 daga shingen katako, da milimita 600 daga shuke-shuken da aka dasa don ɓoye shi. Ɓoyewar ma tana da dalili, domin satar mai ta zama ruwan dare a karkarar Birtaniya, musamman a 2022 lokacin da farashi ya ninka bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Kwaɗo a murfi yana taimakawa, amma ba a taɓa kulle bututun iska.

Abin da ke gyaruwa

Kusan duk abin da aka ɗaura a jikin tanki ana iya canza shi: murfi, geji, usur, filta, bawul, robar mahaɗi da bututu. Mafi yawan ƙananan ɗigo daga nan suke fitowa, kuma gyaransu ba shi da tsada. Ƙafar da ta yi tsatsa ana musanya ta bayan an kwashe man. Tsatsar da ke saman fata kawai, a wurin da yake a bushe, ana goge ta da burushin waya, a shafa fentin hana tsatsa, a bi da na sama.

Bututun jan ƙarfe da aka binne tsirara a cikin siminti ko ƙasa ya cancanci kulawa ta musamman, domin siminti yana cin sa kuma yoyonsa ba ya fitowa fili. Jihar Massachusetts ta kafa doka da ta wajabta wa magidanta, zuwa watan Satumban 2011, su sanya irin wannan bututu cikin rigar roba ko su saka bawul da ke hana mai fita sai tukunya tana ja.

Gangar jikin tanki ce ba ta karɓar gyara mai ɗorewa. Idan rami ɗaya ya huda ƙarfe, akwai wasu da dama da suka kusa hudawa a kewayensa. Masu aikin a Amurka kan manna faci mai maganaɗisu a wurin, a Birtaniya kuma ana goga sabulun wanka a tsagar tankin roba har ta cike. Dukansu dabarun awanni ne ko 'yan kwanaki, kafin a zo a kwashe man. Gam da facin roba da ake tallatawa ba sa hana tsagar ci gaba, kuma kamfanonin mai da dama ba sa yarda su zuba mai a tankin da aka yi wa faci. Inda ake samun gyara na haƙiƙa shi ne manyan tankunan Jamus da aka yi waldarsu a cikin ɗaki, waɗanda ba sa fita ta ƙofa. Ana wanke su, a shimfiɗa wata jakar roba a ciki daidai da siffarsu, a haɗa na'urar da ke yin ƙara idan jakar ko bangon ya huje. Ga tankin gida na yau da kullum, wanda ya kai shekara 20 ana fara shirin canza shi ko da bai nuna komai ba, duk da cewa na cikin ɗaki mai bushewa kan wuce haka.

Walda ita ce mafi haɗari. Kananzir da dizal ba sa kama wuta da sauƙi a zafin ɗaki, sai sun kai digiri 38 ko fiye kafin su fitar da tururin da zai kama. Wannan ne ke yaudarar mutane. Wutar walda ko ta injin yankan ƙarfe tana zafafa ɗan man da ya rage a bango da layukan haɗi, ya zama tururi ya gauraya da iskar da ke ciki, tankin ya tarwatse. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari ta wannan fuska, kuma ɗauraya da ruwa ba ta wadatar ba. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya tana da jagora na musamman kan wannan aiki saboda rayukan da aka rasa. Gargaɗin ya shafi masu walda a bakin titi da ake kawo wa duro ko tankin dizal su yanka ko su toshe. Haka kuma tankin robar da aka ƙera don ruwa ba mazubin mai ba ne, kuma dizal ba ya jituwa da ƙarfen da aka lulluɓe cikinsa da tutiya, domin yana narkar da ita ta toshe injin.

Idan mai ya zube

Matakin farko shi ne rufe bawul, a tara bokiti a ƙarƙashin ɗigon, a zagaye man da yashi ko ƙasa don kada ya kai magudana. Ba a wanke shi da tiyo ko omo, domin hakan tura shi yake yi cikin ƙasa da kwata. Idan a cikin gida ne, a buɗe tagogi, a kashe tukunya, a fitar da yara. Daga nan a kira kamfanin mai ya kwashe abin da ya rage, a sanar da hukumar muhalli da kamfanin inshora.

Kuɗin man da ya zube shi ne mafi ƙanƙantar asarar. Kananzir yana nutsewa cikin ƙasa da sauri, ya bi ƙarƙashin harsashin gini, warinsa ya riƙa tasowa cikin ɗakuna. Yana iya ratsa bututun ruwan sha na roba ya ɓata ruwan, ya kuma gurɓata rijiyar maƙwabci. Tsabtacewa na nufin haƙe ƙasar da ta jiƙe, wani lokaci har da fasa daɓen gida, iyali su koma wani wuri na watanni. Kuɗin kan kai dubban fam ko dala, a manyan lamura har dubun-dubata, kuma a kan mai tankin yake. Inshorar gida da yawa tana biyan ɓarnar da ta auku farat ɗaya, amma ba ta biyan wadda tsatsa ta jawo a hankali, don haka ya kamata a karanta takardar tun kafin a bukace ta.

Na ƙarƙashin ƙasa da na yankin ambaliya

Tankin da aka binne tsatsa na cin sa ta ciki da waje, kuma zai iya shekaru yana yoyo ba a sani ba. Alamar da aka fi samu ita ce ruwa mai yawa a cikinsa, tunda ramin da mai ke fita ta nan ruwan ƙasa ke shiga. Ana gwada shi da matsin iska ko a ɗebi ƙasar kewayensa a auna. Dokar Jamus da ta fara aiki a watan Agustan 2017 ta wajabta wa ƙwararre mai lasisi ya duba irin wannan tanki duk shekara biyar, a yankunan da ake kare ruwan sha kuma duk shekara biyu da rabi. A arewa maso gabashin Amurka masu sayen gida kan biya a bincika fili da na'urar gano ƙarfe, domin tsohon tankin da aka manta da shi yana zama nauyin sabon mai gida.

Ambaliya tana da nata salon ɓarna. Tanki, ko da a cike yake, ya fi ruwa rashin nauyi, don haka idan ruwa ya cika ɗakin ƙarƙashin gida sai ya taso kamar kwale-kwale, ya tsinke bututansa ya kife. A ambaliyar kogin Danube ta watan Yunin 2013, a unguwar Fischerdorf da ke Deggendorf a Jihar Bavaria, man da ya fita daga tankuna ya shiga bangon gidaje har sai da aka rushe da yawa daga cikinsu, waɗanda da ruwa ne kawai da sun bushe an ci gaba da zama. Daga farkon 2018 Jamus ta hana girka sababbin tankunan mai a yankunan da aka ayyana na ambaliya, ta kuma wajabta a ƙarfafa waɗanda ke akwai, ta hanyar ɗaure su da ɗamarar ƙarfe a daɓe da ɗaga bakin bututun iska sama da inda ruwa zai iya kaiwa.

Yawan waɗannan tankuna yana raguwa. Norway ta hana ɗumama gine-gine da irin wannan mai daga 2020, Faransa kuma ta hana girka sababbin tukwane masu amfani da shi daga watan Yulin 2022, gidaje da dama suna komawa ga gas ko lantarki. Sauke tsohon tanki ma aiki ne mai ƙa'ida. Ana kwashe man da lakar, a wanke ciki, a tabbatar babu tururi kafin a yanka. Na ƙarƙashin ƙasa ana tono shi, ko kuma idan tonon zai taɓa gini a wanke shi a cika da yashi ko kumfa mai daskarewa. Abin da aka fi mantawa shi ne bakin cikawa da ke jikin bangon waje. An sha samun direban tanka ya yi kuskuren adireshi, ko kamfani bai soke sunan gidan daga jerinsa ba, ya jona tiyo a bakin da babu tanki a bayansa, ya zuba ɗaruruwan litoci kai tsaye a daɓen ɗakin ƙarƙashin gida. Saboda haka jihohi da dama a Amurka suka wajabta a cire bututun cikawa, ko a toshe shi da kankare, a ranar da aka fitar da tankin.